Shekarar Farko ta 'Yan Badujala

Jawabin da aka karanta a gaban hakimai da dagatai da tsofaffin ma'aikatan En'e a Sakaba, ƙasar Zuru.

  

Duk wanda ya buɗe wannan ɗan littafi na tunawa da ma'aikatan En'e zai tarar an jera sunaye ofis-ofis. Ga na ma'aji da malaman Baitulmali, ga na alkalai da muhutai, ga malaman haraji da na jangali, ga malaman daji da na gona da duba-gari, har masinjoji ba a manta da su ba. Wannan ya yi kyau ƙwarai. Amma akwai waɗansu mutane da ba a buɗe musu shafi ba, alhali kuwa a zamaninsu babu ma'aikacin da jama'a suka fi jin motsinsa kamarsu, domin ma'aji a ɗaki a rufe ya ke ƙidayar kuɗinsa, su kuwa in sun fara nasu aiki har wanda ke gona a bayan gari sai ya ji. Su ne 'yan ganga da 'yan begila, waɗanda a ke tarawa a kira 'yan badujala, watau 'ya'yan ƙasan nan da suka yi wannan aiki a cikin 'yan doka, ko a makarantun En'e, ko a barikin soja.

Kaɗan ne suka rage a cikinsu. In sun haɗu wurin gaisuwar salla ko wurin ta'aziyya, hira ta yi nisa, lalle sai zance ya gangara kan ganga. Abin mamaki, ba su cika zancen shekarar da suka gwanance ba, ko shekarar da aka sallame su. Kullum zancen shekarar farko su ke yi. Haka kuma waɗanda suka yi kallo suna yara, yanzu duk sun yi furfura, in an tambaye su sai su kama labarin ranar da suka fara ganin jerin gangunan nan. An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma waɗannan dattawa ba kukan bana su ke yi ba, wani abu ne ya shiga ransu tun suna samari bai fita ba.

Kafin a shiga hirarsu ya kamata a san inda abin ya samo asali. Kiɗan sarauta daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara busar kakaki a birnin. Tambari kuwa kowa ya sani ba a buga shi sai don sarki. Malaman jihadi, duk da tsananinsu a kan kiɗan banza, sun yarda da ganga in don tara jama'a ne ko don fita yaƙi. A nan ƙasar Zuru kuma, da Dakarkari, waɗanda su ke kiran kansu Lelna, da Kambari, da Dukawa, da Fakkawa, kowa da irin kiɗansa na noma da na kokawa da na biki, wanda ya taɓa halartar Uhola ba ya bukatar a yi masa bayani. Saboda haka Turawa ba su kawo wa mutanen nan kiɗa ba. Abin da suka kawo wata irin ganga ce dabam, mai wani aiki dabam.

A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, ta zauna a Jebba, daga baya hedikwata ta koma Zungeru, sa'an nan Kaduna. Bataliyoyinta suna da nasu 'yan ganga da 'yan begila bisa ga al'adar sojan Ingila. Ranar fareti su kan fito da jar dara da jar 'yar shara mai rawayan baki, da jan ɗamara, da gajeren wando na kaki. Hausa ce harshen bariki, ko wanda ba Bahaushe ba da ita a ke horar da shi. Ba a daɗe ba hafsoshi suka gane samarin ƙasar Zuru, suka riƙa neman su, gama wanda ya yi shekaru yana noman golmo a gonar surukai don ya sami mata, tafiyar mil ashirin da kaya a baya ba ta ba shi tsoro. Da su aka yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916. Da su aka bi ta Mogadishu aka shiga Habasha a 1941. Da su kuma aka haye teku zuwa Indiya da Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82, aka sha wuya a kwarin Kaladan a 1944, aka ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Yawancinsu a 1946 suka komo gida.

To, komowan nan ita ta watsa abin a ƙasa. Tsohon soja ya dawo da 'yan kuɗinsa da littafin sallama, noma kuma ya yi masa nisa, sai ya nemi aikin En'e. Hukumomin En'e kuwa a ko'ina cikin Arewa suna son tsofaffin soja a aikin ɗan doka da gandiroba da masinja, don sun san fareti, sun san bin umurni. Aikin ɗan doka a lokacin ba abin rainawa ba ne, 'ya'yan sarakuna ma sun shugabance shi: Usman Nagogo ya riƙe 'yan dokan Katsina kafin ya zama sarki a 1944, Ado Bayero kuma ya yi Wakilin Doka a Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Inda duk aka tara tsofaffin soja goma da wuya a rasa wanda ya taɓa riƙe begila. In ya sami yara masu kunne sai ya fara koya musu. Malaman makaranta su ma suna bukatar wanda zai kaɗa wa yara maci, musamman don ranar 24 ga Mayu, wadda a ke kira Ranar Empaya, sa'ad da 'yan makaranta su ke jeruwa a fili gaban Di'o da sarakuna.

Yanzu ga abin da tsofaffin 'yan badujala su kan faɗi game da shekararsu ta farko.

Abu na farko da kowannensu ya ke tunawa shi ne ba a ba shi ganga ba. Yaro ya zo da murna yana tsammani gobe za a rataya masa ita ya zaga gari, sai saje ya miƙa masa sanduna biyu, ya nuna masa guntun katako. A kan katakon nan zai yi wata da watanni, bugu biyu da hannun dama, biyu da na hagu, a hankali, sa'an nan a ƙara sauri kaɗan-kaɗan har bugun ya haɗe ya zama kamar yayyafi a kan kwano. Hannun hagu shi ne abokin gaba. Ɗan Hausa ya saba ganin makaɗi da gula ɗaya a dama, hagu kuwa tafi ne a kan fata, to a nan an ce hagu ya yi daidai da dama, kada kunne ya rarrabe su. Wanda hagunsa ya ƙi, sandar saje ce ta ke tuna masa. Dattawan su kan nuna gaɓoɓin yatsunsu suna dariya, amma an tabbata a lokacin ba dariya su ke yi ba.

Abu na biyu ya fi wuya, ko da ya ke ba ya barin tabo a jiki. Gangar gargajiya magana ta ke yi. Tana kiran sunan mutum, ta yi masa take, ta zuga manomi, ta yi wa rowa habaici, makaɗi kuwa yana da ikon ya ƙara, ya rage, ya yi ado yadda ransa ya so, gwanintarsa ke nan. Gangar fareti ba ta kiran kowa. Aikinta ƙidayar sawu, wajen taki 120 a minti ɗaya in macin sauri a ke yi, kowane taki inci 30, kuma mutum shida ko takwas su buga a ji kamar mutum ɗaya. Saboda haka yaron da ya fi kowa gwaninta a dandali sau da yawa shi ya fi shan wuya a hannun saje, domin hannunsa yana ƙaiƙayin ya yi ado, an kuwa hana. Wani dattijo ya kan ce sai da ya manta kiɗa tukuna ya iya ganga. Masu jin Hausa sun gane nufinsa.

Su kuma 'yan begila, haƙora da leɓe a ke fara duba musu. Begila ba ta da ramukan yatsa kamar algaita ko sarewa, muryoyi biyar ne a ke aiki da su, dukansu kuwa daga matsin leɓe su ke fita. Da waɗannan biyar a ke yin busar tashi da asuba, da ta abinci, da ta jeruwa, da ta gobara, da ta kashe fitila, da wadda a ke yi wa mamaci a bakin kabari. Yaro sai ya haddace su duka da ka. Wanda ya kuskure ya busa ta gobara a maimakon ta abinci, har ya tsufa abokansa ba za su bar shi ya manta ba. Da hunturu leɓe ya tsage, a shafa man kaɗe a ci gaba.

Hunturun nan bai bar gangunan ma ba. Fata ce a kansu, an ɗaure da igiya, ana jan waɗansu 'yan kunnuwa na fata don a ƙara tauri. In iska ta bushe sai fatar ta ɗame, in an manta ba a sassauta ba da dare, da safe a tarar ta fashe. Da damina kuwa sai ta saki, ta yi murya kamar an bugi buhun dawa, dole a kai ta rana ko a gasa ta nesa da wuta. Fatar da ta zo da gangar daga Ingila in ta mutu ba a jiran wata daga Ikko, sai a nemi ta akuya a kai wa dukawa, watau masu aikin fata, ba Dukawan da ke maƙwabtaka da nan ba, ko da ya ke ba abin mamaki ba ne a sami Baduken da ya haɗa duka biyu. Daren fita kuwa ba barci: a goge tagulla da Brasso, a shafa wa igiya farar ƙasa, a ɗora wa kaki dutsen guga.

Sai ranar fita ta farko. A nan ne hirar ta kan rabu biyu, har wani lokaci murya ta hau.

Waɗanda suka yi kallo suna tuna ƙura, da walƙiyar tagulla a rana, da mai sanda a gaba yana jefa ta sama yana cafewa, da mai babbar ganga wanda a ke jin bugunsa a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Suna tuna yara sun bar tallar gyaɗa sun bi jerin har ƙofar fada, an koma gida an sha duka, an kuma ce gobe ma a maimaita. Mata suna tuna sun leƙo ta kan danga. Wanda ya taɓa ganin fareti a Zariya ko Kaduna zai ƙara da fatar damisa da mai babbar ganga ya ke ratayawa a ƙirji. Duk wanda ka tambaya a cikinsu zai rantse ba a sake yin kiɗa mai daɗin na ran nan ba.

Waɗanda suka buga kuwa, ba ɗayan wannan da su ke tunawa. Wani zai ce sandarsa ta suɓuce tun ba a yi taki ashirin ba, ya ƙarasa faretin da sanda ɗaya yana motsa hannun wofi. Wani zai ce bakinsa ya bushe don tsoro, ya ɗora begila ya hura, iska kaɗai ta fita. Wani zai ce dokin wani babba ya firgita da babbar ganga ya watsa sahu. Sun san kiɗan ran nan shi ne mafi muni da suka taɓa yi, bayan shekara uku sun fi haka nesa ba kusa ba, amma a lokacin idon jama'a ya riga ya saba, ba mai bin su sai ƙananan yara. Ko wane ne ya fi gaskiya? A ganin mai hankali duka biyu gaskiya su ke faɗi, sai dai mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, kuma in za a rubuta tarihi maganar wanda ya rataya gangar ta fi cancanta a fara ɗauka, don ita ce babu wanda zai iya ƙagowa bayan ransa.

Akwai wani abu kuma da su kan ambata da murya ƙasa-ƙasa, shi ne faɗan gida. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma an haɗa shi da roƙo. Uban da ba makaɗi ba ne, in ya ji an ba ɗansa ganga, sai ya ga an mai da zuriyarsa maroƙa. Akwai waɗanda aka yi fushi da su wata da watanni, akwai waɗanda maganar aurensu ta yi rawa. Abin da ya kashe wutar shi ne mutane suka lura yaran nan ba su kiran sunan kowa, ba su miƙa hannu, ba a yi musu liƙi, ƙarshen wata Baitulmali ke biyan su kamar yadda ta ke biyan malamin haraji. Makaɗan fada ma da fari ba su ji daɗin abin ba, har suka ga ba a taɓa musu abincinsu ba, sarki in zai hau da nasa kiɗan ya ke hawa. To, wannan batu na albashi shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a kan a buɗe musu shafi. Ma'aikata ne. Abin da ya ɓoye su kawai shi ne a takardar biya ba a rubuta mai ganga ko mai begila, sai a rubuta ɗan doka da lambarsa.

Kada a yi tsammani tsofaffin ƙasan nan kaɗai ke da wannan hali na riƙon shekarar farko. A Amurka akwai ƙungiyoyin samari da 'yan mata masu kiɗan ganga da begila, ba soja ba ne, asalin abin dai daga tsofaffin soja ya fito kamar na nan. Su kan yi wata biyu ko fiye suna yawo gari-gari a manyan motoci, suna kwana a daɓen makarantu, suna gasa, har a kai babbar gasa ta ƙarshe wadda aka fara yi a 1972, inda ƙungiya 12 kaɗai ke shiga daren ƙarshe. A 1984 wani attajiri mai suna Bill Cook, mai masana'antar kayan asibiti a garin Bloomington, ya ba da dala miliyan ɗaya aka kafa wata ƙungiya mai suna Star of Indiana, watau Tauraron Indiyana. Ta fara fita a 1985 da kiɗe-kiɗen finafinan Walt Disney, a gasar ƙarshe da aka yi a garin Madison ta zo ta 10. Sabuwar ƙungiya ta shiga sahun 12 a shekararta ta farko abu ne da ya girgiza masu bin wannan wasa, waɗansu suka yaba, waɗansu suka ce kuɗi ne ya yi aiki, gama sauran ƙungiyoyi da ƙyar su ke tara na mai. A 1991 ta ci gasar a Dallas, a 1993 ta zo ta biyu, daga nan ta bar gasa. A 2010 tsofaffin 'yan ƙungiyar suka taru daga wurare dabam-dabam, da furfurarsu da tumbinsu, suka sake yin wasa a birnin Indianapolis. Su ma gardamarsu irin ta nan ce, masu kallo suna zancen kyau, 'yan wasa suna zancen wuya. Bambancin guda ne: in gardama ta yi zafi a can sai a ɗauko hoto da faifai da jerin sunaye a duba. A nan kuwa in dattijo ya rasu, gardamar ta ƙare ke nan, wanda ya rage ya ci gari.

Yadda abin ya watse a nan sananne ne ga duk wanda ke zaune a wurin nan. Daga 1968 aka shiga haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, kotunan alkalai suka koma hannun gwamnatin jiha, gidajen yari suka koma na tarayya. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, sunan En'e ya zama tarihi. Ƙasar Zuru, wadda da ta ke cikin Lardin Neja, ta zauna a Jihar Sakkwato, sa'an nan a 1991 ta shiga Jihar Kebbi. Kowane canji takardu su kan tashi daga wannan ofis zuwa wancan, waɗansu su isa, waɗansu gara ta yi musu sallama a hanya. Bisa wannan kuma ga masifar 'yan bindiga. Ba wanda ya manta watan Maris na 2022, sa'ad da ƙasar Sakaba ta rasa 'yan sa-kai fiye da 60 a lokaci guda. Ƙauyuka sun tashi, tsofaffi sun warwatsu, waɗansu suna Dirin Daji, waɗansu Zuru, waɗansu Rijau da Kwantagora a gidajen 'ya'yansu. Mai gudun ransa ba ya tsayawa ɗaukar tsohon littafin sallama.

Kada kuma a dogara ga lambobin yaƙi da ke ajiye a gidaje. Na yaƙin 1914 an buga sunan mai su da lambarsa a jiki, amma na yaƙin Hitila, har da tauraron Bama, haka aka raba su ba suna. In jika bai san labari ba, tagulla ce kawai a cikin adaka.

Saboda haka ana roƙon hakimai, da izinin Sarki, su umurci dagatai da masu unguwa kowa ya bincika a ƙasarsa, har da waɗanda suka yi hijira. Duk wanda ya taɓa buga ganga ko busa begila a 'yan doka, ko a makarantar En'e, ko a soja, a rubuto sunansa da na ubansa da garinsu, da abin da ya riƙe, da shekarar da ya fara, da wurin, da sunan wanda ya koya masa. In ya rasu a tambayi 'ya'yansa da abokan aikinsa. In yana da rai kada a aika masa yaro da takarda, magatakarda ya tafi da kansa, ya durƙusa ya gai da shi, ya bar shi ya yi hirarsa yadda ya so, a rubuta da bakinsa, kada a gyara masa Hausa. A tambayi masu kallo su ma, maza da mata, a rubuta tasu dabam. Wanda ke da littafin sallama ko hoto, a ɗauki hotonsa da waya a mayar masa da kayansa nan take, kada a ce za a kai ofis a dawo da shi. In an sami tsohuwar ganga ko begila a sito, ko ta fashe, kada a yar. Abin da aka tara za a gwama shi da takardun lardi da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, sa'an nan a shigar da sunayen a bugu na gaba, a shafin da ke bin na 'yan doka. Ana so a fara da waɗanda suka fi tsufa, kafin ruwa ya sauka hanyoyi su ɓaci.

Allah ya ba Sarki nasara. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.